Gano matsalar lantarki da inji a tsohuwar Marsandi

Gano matsalar lantarki da inji a tsohuwar Marsandi shi ne binciken da mai mota ko direbansa ke yi a gida, da kayan aiki marasa tsada, domin sanin abin da ya hana motar tashi ko ya rage mata ƙarfi, kafin a kira makanike ko a sayi wani sabon kaya. Marsandi shi ne sunan da Hausawa suke kiran motocin kamfanin Mercedes-Benz na ƙasar Jamus. Irin wannan bincike ya fi shafar motocin da aka ƙera tsakanin shekarar 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1990, waɗanda har yanzu ana ganin ragowarsu a arewacin Najeriya da kudancin Nijar. Yana da muhimmanci a wurare irin su Kuki da sauran ƙauyukan ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi a jihar Katsina, inda ƙwararrun masu gyaran waɗannan motoci da kasuwannin kayansu suke da nisa.

Tarihin motocin

Samfura huɗu ne suka fi yawa a cikin tsofaffin Marsandi da suka shigo Najeriya. Akwai W123 da aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, da babbar W126 daga 1979 zuwa 1991, da ƙaramar W201 wadda aka fi sani da 190 daga 1982 zuwa 1993, sai W124 wadda aka fara ƙerawa a ƙarshen 1984 aka kuma sauya mata suna zuwa E-Class a 1993. A Najeriya ana kiran W124 da suna V-Boot saboda yadda murfin but ɗinta ya tsuke ta ƙasa kamar harafin V. An ƙera fiye da miliyan 2.5 na wannan samfurin, kuma Bruno Sacco ne ya jagoranci sashen zanen kamfanin a lokacin.

Kamfanin ANAMMCO da ke Emene a Enugu ya fara haɗa motocin Mercedes-Benz a farkon shekarun 1980, amma manyan motoci da bas-bas yake haɗawa. Ƙananan motocin alfarma daga waje ake shigo da su. Bayan faɗuwar darajar naira daga 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin ma'aikata da 'yan kasuwa, sai aka koma sayen na hannu daga Turai, da yawa ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano a Jamhuriyar Benin. Daga nan ne aka samu lafazin “'yar Kwatano” da “Beljiyam”. Gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga Janairu, 2017. A yau mafi ƙuruciya a cikin waɗannan motoci ta kai kimanin shekara 30, don haka yawancin matsalolinsu na tsufa ne: robobi sun bushe, wayoyi sun tsattsage, bakin haɗin waya ya yi tsatsa.

Yanayin yankin

Kuki tana cikin ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, inda take da mazaɓu biyu, Kuki A da Kuki B. Garin Dutsin-Ma yana kimanin kilomita 60 kudu da birnin Katsina, kuma hanyar da ta haɗa su ta bi ta Kurfi. Manyan kasuwannin kayan mota da ake dogara da su sun haɗa da Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Ladipo a Legas da Nkwo a Nnewi. Wanda ya yi kuskuren gane abin da ya lalace yakan yi asarar kuɗin kaya da na tafiya da kuma kwanakin jira.

Kowane lokaci na shekara yana da irin matsalar da yake jawowa. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan kai digiri 40, ruwan batir ya ƙafe da wuri, inji kuma ya riƙa zafi fiye da kima. A hunturu ƙura tana toshe matatar iska da ramukan lagireto, sanyin asuba kuma yana tona asirin batir mai rauni. A damina danshi yana shiga murfin distiributa da akwatin fis. Ɓeraye ma suna cin wayoyin motar da aka daɗe da ajiyewa kusa da rumbu ko ɗakin hatsi.

Ingancin mai wata matsala ce. Inda gidan mai yake da nisa, ana sayen fetur a galan daga 'yan bumburutu, wanda kan zo da ruwa ko datti. A watan Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol cikin ƙasar, wanda ya lalata injinan motoci a wasu birane. Akwai kuma batun tsaro. Dutsin-Ma da Kurfi suna cikin ƙananan hukumomi 13 da aka katse wa layukan waya a watan Satumbar 2021 saboda hare-haren 'yan bindiga, kuma a wannan lokaci gwamnatin jihar ta hana sayar da fetur a jarka. A irin wannan yanayi mutuwar mota a kan hanya da yamma hatsari ce ga rayukan waɗanda ke ciki, shi ya sa duba mota kafin fita yake da nauyi.

Kayan aiki

Babban kayan aiki shi ne maltimita, wato ƙaramar na'urar auna ƙarfin wuta da tsayayyar waya. Sauran su ne fitilar gwaji mai ƙwan volt 12, sifanu masu lamba 8, 10, 13, 17 da 19, sifanar fulogi, sukudireba, filaya, burushin waya, takardar yashi, wayoyin jona batir, da fis na ajiya. Wanda yake da hali yakan ƙara da ma'aunin matsin silinda.

Na'urar karanta lambobin matsala mai baki 16, wadda ake kira OBD-II, ba ta aiki a yawancin waɗannan motoci. Tsarin ya zama dole ne a Amurka daga 1996, a Turai kuma daga 2001 ga motocin fetur. Tsofaffin Marsandi suna da nasu bakin gwaji a cikin bonet. A wasu samfuran ana haɗa ƙaramar fitila da maɓalli, a danna na ɗan lokaci, sannan a ƙirga sau nawa fitilar ta ƙifta. Adadin shi ne lambar matsalar, kuma ƙiftawa sau ɗaya tana nufin babu matsala a ajiye. Ma'anar sauran lambobin ta bambanta daga inji zuwa inji.

Tsarin bincike

Injin fetur yana buƙatar abubuwa huɗu kafin ya tashi: wutar da za ta juya shi, tartsatsi a fulogi a daidai lokacinsa, mai gauraye da iska, da matsi a cikin silinda. Bincike yana bin su ɗaya bayan ɗaya, ana farawa da mai sauƙi da araha. Ana sauya abu ɗaya ne kawai a lokaci guda, a sake gwadawa, domin in an sauya uku tare ba za a san wanne ne ya yi laifi ba. Tarihin matsalar ma hujja ce: ko tana faruwa da safe ne ko bayan inji ya yi zafi, ko ta fara ne bayan shan mai, ko bayan ruwan sama, ko bayan wani gyara.

Batir da caji

Batir mai cike, idan motar ta huta na wasu sa'o'i, yana nuna kimanin volt 12.6. Idan ya nuna 12.2 ya kai rabi, ƙasa da 12 kuma ya yi sanyi sosai. Lokacin da ake murza makulli bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Idan inji yana aiki, ma'aunin da ake so shi ne tsakanin 13.8 da 14.4. Ƙasa da 13 yana nuna altaneta ba ta caji, sama da 15 kuma yana nuna tana dafa batir.

A altanetar Bosch da ke cikin waɗannan motoci, abin da ya fi lalacewa shi ne ragileta mai ɗauke da burushi biyu na gawayi. Sukurori biyu ne suke riƙe da ita a bayan altaneta, kuma sauya ta ya fi sayen altaneta gaba ɗaya araha nesa ba kusa ba. Sakwarkwacewar fambel ma tana hana caji, tare da ƙara mai kama da kuka idan an taka totur.

Idan batir yana mutuwa cikin dare alhali yana da lafiya, akwai abin da ke shan wuta a ɓoye. Ana kashe komai, a cire kan batir mai alamar ragi, a sa maltimita tsakanin kan da wayar. Abin da ya wuce kimanin miliamfa 50 ya yi yawa. Daga nan ana zare fis ɗaya-ɗaya har adadin ya faɗi. Sau da yawa laifin na rediyo ne ko ƙararrawar ɓarayi da aka haɗa daga baya, ko fitilar but da ba ta mutuwa.

Kik

Sautin da aka ji yayin murza makulli yana raba matsalar gida uku. Idan an ji ƙas-ƙas da sauri kuma fitilun dashbod suna dusashewa, batir ne ko kansa ya yi datti. Idan an ji ƙara guda ɗaya amma inji bai juya ba, ana zargin kik ɗin kansa ko babbar wayarsa. Idan shiru ne gaba ɗaya, ana duba makunnin makulli, a mota mai giya otomatik kuma ana gwada tayarwa a kan N, domin akwai makunnin da ke hana tashi sai giya tana P ko N. Wayar da ta haɗa inji da jikin mota takan yi tsatsa ta jawo irin waɗannan alamu duka. Ana gane ta ne ta auna wuta tsakanin kan batir mai alamar ragi da jikin inji lokacin da ake murzawa. Abin da ya haura volt 0.5 yana nuna haɗin ba shi da kyau.

Fis, rile da wayoyi

Waɗannan motoci suna amfani da tsohon nau'in fis mai tsini biyu da siririn ƙarfe a bayansa. Bakinsa yakan yi tsatsa ko da bai ƙone ba, sai gilas ko fanka ko sigina su riƙa aiki suna tsayawa. Gogewa da takardar yashi da ɗan matse maƙalansa yakan magance wannan. Fis da yake ƙonewa a kai a kai alama ce ta waya da ke taɓa jiki.

A W124 da W201 masu injekta akwai rile biyu da suka yi suna, kuma suna bayan batir. Na farko shi ne OVP, mai kare kwamfutar inji da ta birki daga wuta mai yawa, yana da fis na amfa 10 a kansa. Idan ya lalace fitilar ABS takan kunna, motar ta yi wuyar tashi da safe, silo ya riƙa rawa ko inji ya mutu a tsaye. Na biyu shi ne rilen famfon mai. Dalmar da ke cikinsa takan tsage saboda tsufa, sai mota ta mutu tana cikin tafiya, ta kuma tashi bayan ta huce.

Motocin da aka ƙera daga wajen 1992 zuwa 1996, musamman masu injin M104 da M111, suna da wata matsala ta daban. Robar da aka naɗe wayoyin injinsu da ita tana rugurgujewa da zafi, wayoyin su haɗu da juna, abin da kan iya ƙona kwamfutar inji. Ana ganewa ta buɗe naɗin wayoyin kusa da injekta. Idan robar tana zuba kamar gari, maganin shi ne sauya damin wayoyin ko sake ɗinka shi gaba ɗaya.

Tartsatsi

Ana gwada tartsatsi ta sa fulogi na ajiya a bakin wayar, a ajiye shi a jikin inji, wani ya murza makulli. Tartsatsi mai lafiya shuɗi ne mai ƙarfi. Idan babu shi a dukkan silinda, ana duba kwayil, da na'urar da ke karanta juyawar inji, da akwatin kunna wuta mai suna EZL. Idan silinda ɗaya ce kawai, laifin na fulogi ne ko wayarsa. Murfin distiributa da rotarsa sukan tsage ko su tara danshi. Jerin tashin wuta a inji mai silinda 4 shi ne 1-3-4-2, a mai silinda 6 kuma 1-5-3-6-2-4, kuma rikita wayoyin bayan wankin inji sanannen dalili ne na ɓarin wuta a salansa.

Launin kan fulogi yana ba da labarin cikin silinda. Ruwan ƙasa mai haske alamar lafiya ce. Baƙi busasshe yana nuna mai ya fi iska yawa. Baƙi mai maiƙo yana nuna baƙin mai yana shiga. Fari fat yana nuna mai bai isa ba ko inji yana zafi sosai.

Mai da iska

Wasu tsofaffin samfura kamar 200 suna da kafireto. Samfuran 230E, 260E da 300E na W124 suna amfani da tsarin KE-Jetronic na Bosch, wanda tushensa na ƙarfe ne, lantarki kuma gyara kawai yake yi masa. Wannan ne ya sa motar take iya tafiya, ko da ba daɗi, bayan ɓangaren lantarkin ya daina aiki. Tsarin yana aiki da matsin da ya haura ba 5, kuma ba ya jure datti ko ruwa a cikin fetur.

Famfon mai da matatarsa suna ƙarƙashin mota kusa da tayoyin baya. Lokacin da ake murza makulli ana jin gurnaninsa. Idan shiru ne, ana duba rile da wutar da ke isa gare shi kafin a yanke masa hukunci. Famfo mai kuka sosai yakan nuna matata ta toshe ko ragar da ke cikin tanki ta cika da tsatsa. Kusa da shi akwai ƙaramin gwangwani mai riƙe matsin mai bayan an kashe inji. Idan ya huje, motar takan tashi lafiya da safe amma ta ƙi tashi bayan an tsaya na ɗan lokaci da zafinta. Tsagaggen tiyon iska kuma yana sa silo ya riƙa hawa da sauka.

Injin gas, wato dizal, ba shi da fulogin tartsatsi. Yana da hita da ke ɗumama silinda kafin tashi, kuma mutuwar ɗaya ko biyu tana sa wahalar tashi da farin hayaƙi a sanyin hunturu. Iska a layin mai ita ma tana hana shi tashi. A W123 akwai famfon hannu na fitar da ita. Waɗannan injina ana kashe su ne da zuƙar iska, don haka idan siririn tiyo ya tsage inji yakan ci gaba da aiki bayan an zare makulli. Akwai hannu mai rubutun STOP a jikin famfon inji da ake dannawa a kashe shi.

Zafi, hayaƙi da matsi

A yanayi na yau da kullum allurar zafi tana zama tsakanin digiri 80 da 90. Idan tana hawa a cunkoso amma tana sauka a kan hanya, ana zargin kulocin fanka ko fankar lantarki ta gaba. Idan tana hawa a kan gudu, ana zargin lagireto da ya toshe, ko tamostat, ko famfon ruwa. Kumfa a tulun ruwa, raguwar ruwa ba tare da yoyo ba, ko baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara, alamu ne na ƙonewar gasket ɗin kan inji. Injinan M103 da M104 sun yi suna wajen yoyon baƙin mai ta gefen wannan gasket idan sun tsufa.

Shuɗin hayaƙi yana nuna inji yana cin baƙin mai, ta ringi ko ta robobin bawul. Baƙin hayaƙi yana nuna mai ya yi yawa ko matatar iska ta toshe. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi yana nuna ruwa yana shiga silinda. Awon matsi shi ke tabbatarwa. Injin fetur mai lafiya yana ba da kimanin ba 10 zuwa 12, kuma bai kamata silinda su bambanta sosai ba. Idan matsin silinda ya ƙaru bayan an zuba ɗan baƙin mai ta ramin fulogi, ringi ne ya cinye. Idan bai ƙaru ba, bawul ne ko gasket.

Kurakuran da aka saba yi

Cire kan batir alhali inji yana aiki domin a gwada caji yana iya ƙona altaneta da OVP da kwamfuta. Naɗa waya ko takardar sigari a madadin fis yana iya sa mota ta kama wuta. Cire tamostat da sunan rage zafi yakan ƙara shi, domin a waɗannan injina tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar ruwa ya tilasta masa bi ta lagireto. Zuba ruwan rijiya ko na burtsatse zalla yana tara gishiri a lagireto ya kuma cinye kan inji na alminiyam. Murɗa sukurun daidaita mai na KE-Jetronic ba tare da ma'auni ba yakan ɓoye matsalar asali ya ƙara shan mai, abin da ya ƙara zama nauyi tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023.

Kariya da iyakar aikin gida

Ana cire kan batir mai alamar ragi da farko, a kuma mayar da shi a ƙarshe. Ba a buɗe murfin ruwa da zafin inji, ba a riƙe wayar fulogi da hannu lokacin da inji ke juyawa, ba a kwance layin mai kusa da murhu ko sigari, ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ba a kuma barin inji yana aiki a rufaffen wuri saboda gubar hayaƙi. Aikin da ya shafi buɗe kan inji, sarƙar tayimin, cikin giya, marabar mai ta injekta, birki ko jakar iska, na makanike ne da mai wayarin da suka san wannan mota. Da yawa daga cikinsu suna ƙarƙashin ƙungiyar makanikai ta ƙasa, NATA. Amfanin binciken gida a nan shi ne mai mota ya je da awo da bayanin alamu a hannu.

Kalmomin sana'ar

Yawancin kalmomin gyaran mota a Hausar Najeriya an aro su ne daga Ingilishi, aka daidaita su da tsarin sautin Hausa. Ana saka wasali tsakanin baƙaƙen da suka haɗu, ana kuma ƙara wani a ƙarshe, kamar a fulogi, birki, kuloci da burushi. A kalmar lagireto sautin farko ya koma l, a bakanike kuma, wadda ake amfani da ita tare da makanike, an fassara gaɓar farko kamar ɗafin ba- na Bahaushe da Bakatsine. Wasu kalmomin na gida ne, kamar baƙin mai da juyen mai. A Maraɗi da sauran garuruwan Nijar aron daga Faransanci yake, shi ya sa ake ce wa fulogi buji, kuma masu sayen kaya a tsallaken iyaka ta Jibiya sukan yi amfani da sunayen biyu.